Garin da Talauci Ya Adana: Gidajen Katako da Tsofaffin Shagunan Lavenham

Duk wanda ya fara ganin hoton babban titin Lavenham, tambayar da takan fara zo masa ita ce: anya mutane na kwana a cikin waɗannan gidajen? Wani ya karkata dama, maƙwabcinsa ya karkata hagu, tagogi sun murguɗe, benen sama ya turo ƙirji kan titi kamar zai faɗo wa mai wucewa. Amma mutane na kwana a ciki, kuma da yawa daga cikin gidajen sun haura shekara 500 a tsaye. Akwai wanda ma sunansa ke nan, Karkataccen Gida, a kan babban titin, an gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Lavenham ƙauye ne a yankin Suffolk, gabashin Ingila. Mazaunansa a yau ba su kai 2,000 ba, amma gine-gine fiye da 300 a cikinsa suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ta hana rusawa ko sauya wa fasali ba da izini ba. Abin da ya ja hankalinmu gare shi tambayoyi biyu ne. Ta farko ta kimiyya ce: yaya katako, abin da muka sani yana ruɓewa, ya jure ƙarni biyar a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa? Ta biyu ta tarihi ce: me ya sa a nan suka tsira, alhali a manyan birane akasarin irinsu sun ƙare?

Arzikin shuɗin ƙyalle

A shekarar 1257 Sarki Henry na III ya ba garin izinin cin kasuwa. Daga nan zuwa ƙarni na 15 Lavenham ya zama garin masaƙa, ya yi suna da wani kakkauran ƙyalle na ulu mai launin shuɗi. Rinin daga ganyen wata shuka ake samunsa wadda ake nomawa a Turai tun kafin baba ya riƙa isa can da yawa daga Indiya. Shukar daban take da babanmu, amma sinadarin da ke ba da launin ɗaya ne da wanda ke cikin marinar Ƙofar Mata a Kano, sai dai a ganyen Turawan bai kai yawan na baba ba. Wato da marinin Kano zai ga aikin, da ya gane komai: a tsoma, a fitar, iska ta buga, kore ya juye shuɗi.

Kuɗi ya shigo sosai. A lissafin harajin 1524, wannan ɗan gari shi ne na 14 a arziki a duk Ingila, ya biya abin da ya fi na biranen York da Lincoln. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowa ne ya yi kuɗi. Iyalan attajiri guda, Thomas Spring, wanda ya rasu a 1523, su kaɗai suka biya fiye da sulusin harajin garin. Shi da gidan sarautar de Vere ne suka zuba dukiya a ginin cocin garin, mai hasumiya mita 43, wadda ta fi ƙarfin ƙauye nesa ba kusa ba. Masu kaɗi da masu saƙa kuwa da ƙwadago suke ci, shi ya sa a 1525, da Sarki Henry na VIII ya nemi ƙarin kuɗi don yaƙi da Faransa, mutane wajen 4,000 suka taru a yankin Lavenham suka ce ba za su biya ba, har sai da aka janye harajin.

A cikin wannan zamanin na yalwa, daga wajen 1400 zuwa 1530, aka gina mafi yawan gidajen da muke magana a kai.

Ƙwarangwal kafin bango

A ginin gargajiya na ƙasar Hausa, bango ne ke ɗauke da nauyi. Ana jera tubali, bango ya yi kauri, sannan a ɗora azara a yi rufi. A Lavenham abin a juye yake. Katako ne ke ɗauke da komai, bangon kuwa ciko ne kawai. Kana iya fasa duk cikon ka bar ƙwarangwal ɗin gidan a tsaye da rufinsa. Dalilin kuwa a bayyane yake: Suffolk ba ta da dutsen gini na kirki, sai tsakuwar ƙanƙara da yumɓu, amma tana da dazuzzukan wata bishiya mai tauri da ake kira ok.

Mutane kan zaci manyan tsofaffin bishiyoyi ake sarewa. Masanin tarihin dazuzzuka Oliver Rackham ya bi wani gidan manomi na ƙarni na 15 a ƙauyen Stanton, a Suffolk ɗin dai, ya ƙirga katakonsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gano bishiyoyi wajen 330 aka sare domin gidan, kuma rabinsu kaurinsu bai kai inci 9 ba. Uku kacal suka wuce inci 18. Ma'ana, kafinta yakan zaɓi ƙaramar bishiyar da ta yi daidai da gungumen da yake buƙata, ya sassaƙe ta da gatari ta zama mai kusurwa huɗu, shi ke nan. Dazuzzukan ma ba na Allah-ba-ku-mu-samu ba ne, ana kula da su kamar gona, ana sara suna sake tohowa.

Abu na biyu da kan ba mutane mamaki: da ɗanyen katako ake ginin. Ba a jira ya bushe. Ɗanyen ok yana da sauƙin sassaƙa, amma idan ya bushe sai ya yi taurin da zai dakushe kurfi. Ga shi kuma bushewarsa na da nawa, kafintoci kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. Wa zai jira shekara goma kafin ya yi gida?

Ba a wurin ginin ake fara haɗa gidan ba. A filin kafinta ake shimfiɗa kowane ɓangare a ƙasa, bangon gaba daban, na baya daban, a fafe rami a jikin wannan gungume, a fiƙe harshe a bakin wancan, a gwada su har su zauna. Da yake babu gungumen da ya miƙe sak, kowace gaɓa da abokiyar zamanta ake yanka ta, ba za ta shiga wani ramin ba. Don haka sai kafinta ya zana lambobin Rumawa a jikin katakon, I, II, III, a warware, a loda a amalanke, a je a sake haɗawa. Har yau idan ka haska fitila a rufin irin waɗannan gidaje za ka ga lambobin.

Ƙusar ƙarfe fa? Ba a sa ta a gaɓoɓin. Ƙarfe na da tsada a lokacin, sannan ok yana ɗauke da wani sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe idan akwai danshi. Da ƙusar katako ake ɗaurewa. Akwai wata dabara a nan da ta burge ni: hudar da ke jikin harshen ba a yin ta daidai da ta jikin ramin, ana ɗan gusar da ita kaɗan. Idan aka buga ƙusar katakon, dole ta ɗan lanƙwasa kafin ta wuce, wannan lanƙwasar ita ke jan gungumen biyu su manne da juna, su ci gaba da mannewa ko bayan sun bushe.

Tsakanin ginshiƙai sai a saƙa tsumagu kamar zana, a kwaɓa yumɓu da ciyawa ko gashin dabba, wani lokaci da kashin shanu, a yaɓe ciki da waje, a shafe da farar ƙasa. Wannan kam ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin ana yaɓen rumbu.

To me ya kawo karkacewar?

Bushewa ce ta farko. Katako idan yana bushewa, tsawonsa kusan ba ya raguwa, amma faɗinsa na tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ta kowace fuska ba: ta kewayen zoben bishiyar yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito ke sa gungume ya tsage, ya murɗe, ya lanƙwashe. Akasarin wannan motsi a shekarun farko na gidan yake faruwa, wato wasu gidajen tun masu su na farko suna raye suka fara karkata.

Ta biyu tushe ne. Gidajen ba su da harsashi mai zurfi. Gungume ne kwance a kan ɗan gajeren dakali na tsakuwa ko jan bulo, duk ginshiƙai a kansa suke tsaye. Idan ƙasar titi ta taru ta rufe dakalin, danshi ya kama gungumen, sai ya ruɓe, gefe ɗaya na gidan ya nutse.

Ta uku kuwa aikin ɗan Adam ne. Bayan shekara 100 ko 200, wani ya gaji gidan, yana son ƙofa a inda wata tokara ta gitta, sai ya sa zarto ya yanke ta. Da ginin bulo ne aka yi wa haka da tuni ya tsage ya zube. Shi ƙwarangwal ɗin katako gaɓoɓinsa na ɗan motsawa, nauyin sai ya nemi wata hanyar ya bi, gidan ya jingina ya sake zama.

Na san wani zai ce, ina gara? Ingila ba ta da gara, sanyi ya hana ta zama. Abokan gabar katako a can naman gwari ne mai son danshi da wasu ƙwari masu huda, kuma su ma sai katakon ya jiƙe suke samun yadda suke so. Zuciyar ok idan ta bushe, ta kuma ci gaba da zama a bushe, ba ta da ranar ƙarewa. A Cressing Temple, cikin yankin Essex mai maƙwabtaka, akwai rumbun hatsi da aka sare katakonsa tsakanin 1205 da 1230, yana nan har yau.

Yadda aka san wannan shekarun ma abin faɗa ne. Kowace shekara bishiya na ƙara zobe ɗaya, mai faɗi a shekarar albarka, siriri a shekarar wahala. Bishiyoyin yanki ɗaya sukan yi jerin faɗi da siranta iri ɗaya, don haka masu bincike kan huda ɗan siririn samfuri daga gungume su gwada jerinsa da wanda aka riga aka sani. Idan zoben ƙarshe na ƙarƙashin ɓawo yana nan, ana iya faɗin shekarar da aka sare bishiyar, har da ko da hunturu ne ko da bazara. Kuma tunda ɗanye ake amfani da shi, shekarar sara ita ce kusan shekarar gini.

Benen da ya turo ƙirji

Sau da yawa za ka ji an ce benen sama na fitowa waje ne domin a guje wa harajin fili. Labarin na da daɗin ji, amma bai yi bayanin abin da ido ke gani ba. Gaskiya ne akwai ƙarin wuri a sama, akwai kuma amfani ta fuskar gini: nauyin bangon sama da ke zaune a kan bakin katakon daɓe yana rage lotsawar tsakiyarsu, kamar yadda mutum biyu a bakin benci ke hana tsakiyarsa lanƙwasa, sannan yana ba kafinta damar raba gaɓoɓi maimakon ya tara su duka a wuri guda ya raunana ginshiƙi. Amma ka lura, a fuskar titi ake yinsa, bayan gida kuwa a miƙe yake, kuma ana yinsa har a ƙauyukan da fili ba ya ƙaranci. A ganina wannan ya isa hujja cewa nuna isa na cikin manyan dalilai. Haka ma jera ginshiƙai kusa da kusa, har tazarar da ke tsakani ba ta fi faɗin katakon kanta ba. Ginin ba ya buƙatar rabinsu. Katako ne ke da tsada, yaɓe kuwa arha, don haka mai gida na gaya wa duk mai wucewa abin da ke aljihunsa. Dubi zauren ƙungiyar Corpus Christi da ke bakin kasuwa, wanda aka gina wajen 1530, za ka ga an yi ɓarin katako kamar ba a san zafinsa ba.

Ciki kuwa, gidajen farko suna da babban falo guda wanda ba shi da bene, buɗe yake har rufi, da murhu a tsakiyar daɓe. Hayaƙi sama yake tashi ya nemi hanyar fita. Tagogi babu gilashi, sai sanduna a tsaye da ƙyaure mai zamewa. A ƙarni na 16 aka shiga gina bututun hayaƙi da jan bulo, aka raba falon biyu da bene. Wani limami, William Harrison, ya rubuta a 1577 cewa yawan bututun hayaƙi na cikin abubuwan da tsofaffin ƙauyensa ke mamakin sauyawarsu. Shi ya sa mai binciken irin wannan gida yakan fara da hawa cikin rufi. Idan ya tarar katakon ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ya san a ƙarƙashin nan aka taɓa hura wuta a fili.

Shagon da ba a shiga

Wannan ɓangaren shi ya fi saurin ɓacewa, domin babu abin da ake sauya wa fuska kamar shago. Shagon wancan zamani ɗan ƙaramin ɗaki ne a gaban gida, mai buɗaɗɗun tagogi biyu ko uku masu kan baka, ba gilashi. Da dare a rufe da ƙyaure. Da safe, a tsarin da aka fi sani, ƙyauren ƙasa a saukar da shi ya zama kanta, na sama a ɗaga shi ya zama rumfa. Mai saye a titi yake tsayawa. Sau da yawa ɗakin shi ne wurin aikin ma, mai ɗinkin takalmi ko tela yana zaune inda haske ke shigowa, kowa na ganin abin da hannunsa ke yi. Iyali kuma suna baya ko a sama.

Yau kusan duk waɗannan shagunan sun zama ɗakunan zama, amma katako ba ya ɓoye tarihinsa. Alamomin da ake nema su ne kawunan baka a jere a bangon ƙasa, ko an toshe su da yaɓe, da gurbin da ƙyaure ke zama a ciki, da ramukan ƙusar katako da babu komai a cikinsu, sai kuma wata 'yar siririyar ƙofa a gefe ban da babbar ƙofar gida. A titin Lady Street na Lavenham akwai irin waɗannan tagogi da suka tsira. A garin Shrewsbury akwai jerin shaguna a layin mahauta da aka gina wajen 1459. Shahararren layin Shambles na York ma na mahauta ne, kuma sunan ya samo asali daga tsohuwar kalmar da ke nufin bencin da ake baje nama a kai. Shi kuwa wani shagon ƙarni na 15 daga garin Horsham, warware shi aka yi gaba ɗaya aka sake haɗa shi a gidan tarihi na Weald and Downland.

Abin da ya cece su

Kasuwar shuɗin ƙyalle ta fara karyewa tun a ƙarni na 16. Yaƙe-yaƙe sun taɓa cinikin ƙetare, sannan masaƙa 'yan gudun hijira daga yankin Holan da Beljiyam na yau suka zauna a Colchester suna saƙa ƙyalle mara nauyi, mai arha, wanda masu saye suka fi so. Lavenham bai sauya ba, sai ya durƙushe. Manyan gidajen attajirai aka yanyanka su ƙananan ɗakunan haya. Zauren nan na Corpus Christi ya zama gidan yari, ya zama gidan aikin matalauta.

A wuraren da kuɗi bai yanke ba, labarin daban ne. Bayan gobarar Landan ta 1666, dokar 1667 ta wajabta a sake gina birnin da bulo ko dutse. A sauran garuruwa ma katako ya zama abin kunya, alamar tsohon yayi, duk mai hali ya rushe ya yi na bulo. Mutanen Lavenham ba su da kuɗin rushewa. Mai ɗan abin hannu iyakarsa ya lulluɓe gaban gidan da shafe ko ya ɗora masa fuskar bulo, ƙwarangwal ɗin na nan a ciki. Ba ƙaunar tarihi ce ta sa kakanninsu suka bar gidajen ba, kuma waɗanda suka rayu a cikin ɗakunan nan masu yoyo da sanyi ba za su kira abin sa'a ba.

Haɗarin gaske ya zo ne da aka fara sha'awarsu. A farkon ƙarni na 20 masu kuɗi suka shiga sayen tsofaffin gidajen katako, kuma dabarar nan da ta sa ake iya haɗa su a filin kafinta ita ta sa ake iya kwance su a tafi da su. A 1911 aka fara warware zauren ulu na Lady Street domin a kai shi wani wuri. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka dawo da katakon aka mayar, yanzu yana cikin ginin otal ɗin Swan. Bayan haka aka shiga gyara. Wasu tagwaye, 'yan gidan Gayer-Anderson, suka sayi gidan Little Hall na ƙarshen ƙarni na 14 suka farfaɗo da shi. Ɗayansu shi ne wanda gidansa na Alƙahira, kusa da masallacin Ibn Tulun, ya zama gidan tarihi mai ɗauke da sunansa. A 1951 zauren Corpus Christi ya koma hannun ƙungiyar National Trust.

Wajibi ne a faɗi cewa Lavenham ɗin da masu yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto, wani ɓangarensa aikin ƙarni na 20 ne. Katako da yawa da ake gani yau a lulluɓe suke shekaru 200 kafin a ɓare su. Baƙi da farin nan da ake ɗauka shi ne asalin kamannin irin waɗannan gidaje, yawancinsa yayin ƙarni na 19 ne, lokacin da aka riƙa shafa wa katako kwalta ko baƙin fenti. Ok da aka bar wa iska da rana toka-toka yake komawa, kuma sau da yawa farar ƙasa ake shafe shi da ita tare da bangon.

Gyara ma ya yi tasa ɓarnar. Yaɓen yumɓu da farar ƙasa suna shan ruwa, amma suna sakinsa da zarar iska ta kaɗa. Da siminti da fentin zamani suka zo, aka riƙa shafe gidajen da su da niyyar kare su. Siminti ba ya motsi tare da katako, don haka yakan tsage a daidai inda suka haɗu, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Gungumen da ya yi shekara 400 lafiya sai ya ruɓe cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba, kuma ba a gani sai an fasa. Wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa da bangon ƙasa da aka yi wa shafen siminti, yadda yake rarakewa ta ciki har shafen ya ɓalle ya faɗo, ya san wannan ciwon. Masu gyara a yau ɓare simintin suke yi, su yanke iya inda ya ruɓe, su dasa sabon ok da irin gaɓar da kafintan farko ya yi, su mayar da yaɓe. Shi ya sa idan ka ga zauren Corpus Christi yanzu ba baƙi da fari ba ne: fari-fari ne gaba ɗaya, katako da bango, domin lokaci zuwa lokaci ana sake shafe shi da farar ƙasa.